Ranar da Deraman Ya Buga Zinari

Duk wanda ya je ƙauyen Beris Tujuh, a bakin kogin Kelantan, ya nemi mutumin da ya fi kowa sani, Deraman mai yankan makulli za a nuna masa, in ma bai riga ya nuna kansa ba. Gajere ne mai tumbi, shekararsa hamsin da biyar, muryarsa kuwa ta ishi mutum uku. Makullin da ya yanka sai an komo masa da shi sau uku kafin ya yarda ya buɗe ƙofa. Amma da zarar ya zauna a shagon shayi, babu abin da bai iya ba a duniya, tun daga gyaran jirgin sama har cire haƙori.

Wata safiya ana cikin karyawa da shuɗiyar shinkafa da soyayyen kifi, sai Cikgu Nik Soh, tsohon malamin makarantar ƙauyen, ya zaro wani abu daga aljihu yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Tsabar zinari ce cikin 'yar roba mai garai-garai. Nan take mutane suka bar kwanukansu suka kewaye shi.

Cikgu ya ce, "Ku kalla da ido, ban da hannu. Babban bankin ƙasa ne ya fito da ita. Zinari ne tsantsa, ba a gauraya shi da komai ba. Ba don cefane aka yi ta ba, ajiya ake yi. Ga kijang a wannan gefen, barewar dajinmu tana tsalle. Ga kuma jan furen nan, tambarin ƙasarmu, a bayanta."

Dagacin ƙauyen, Tok Mamat, ya gyara tabarau ya ce, "Me ya kawo barewa cikin kuɗi?"

"Ai tamu ce, Tok. Daga tsohon kuɗin zinarin da kakanninmu na Kelantan suka yi ciniki da shi aka ɗauko ta. Tsofaffi na cewa fatake Larabawa ne suka ba wata sarauniya barewa, ta so ta har ta sa aka buga ta a kuɗi. Wasu masana kuma suka ce asalinta ma bijimin sa ne, masu bugu suka yi ta kwafarsa yana ramewa, har ya koma barewa."

Deraman ya leƙo ta ƙarƙashin hammatar wani, ya ja tsaki.

"Ramewa kam ta rame. Dubi ƙafafu kamar tsinken tsire. Da kakan kakana zai tashi ya ga wannan aikin, da ya koma ya kwanta don takaici. Shi ne fa ya buga na asalin a fada."

Cikgu ya ce, "Ba jiya ka ce kakan kakan naka matuƙin jirgin ruwa ne ba?"

"Da safe. Da yamma kuɗi yake bugawa. Abin a jininmu yake, Cikgu. Makulli da kuɗi duk ƙarfe ne, hannu ɗaya ke yin su."

"Allah ya sa kuɗin ba sai an komo maka da shi sau uku ba."

Aka kwashe da dariya. Wuyan Deraman ya kumbura. Daidai lokacin Tok Mamat ya ambaci damuwarsa: saura kwana takwas a buɗe sabon zauren taron ƙauye, jami'in gunduma da kansa zai zo, kuma har yanzu ba a san kyautar da za a ba shi ba sai kwandon busasshen kifi.

Deraman ya doki tebur har shayi ya fantsama. "Kifi? Babban mutum ka ba shi kifi? Ku bar mini. A gaban idonsa zan buga masa tsabar zinari ta Beris Tujuh, da barewa mai ƙiba wadda ta ci ta ƙoshi!"

Tok Mamat ya ce, "Zinarin fa, ina za ka samo?"

"Wannan kuma sirrin gida ne."

Sirrin gida kuwa yana cikin gwangwanin biskit, a binne cikin buhun shinkafa. Matarsa Mek Jah, mai sayar da kayan miya a babbar kasuwar Kota Bharu, ta tafi Terengganu wajen 'yarsu da ta haihu, kuma Deraman ya san inda take ɓoye awarwaronta uku. A saninsa, shekara talatin tana tara su da guminta. Ya fito da ɗaya, ya auna a tafin hannu, ya gaya wa kansa gaskiyar da ta yi masa daɗi: jami'i na ganin aikin zai kai labari sama, a kira shi birni a damƙa masa bugun kuɗin ƙasa baki ɗaya, sai ya saya wa Mek Jah goma har hannunta ya gaza ɗaguwa.

Aikin farko zane. Barewa dai ba ta zuwa cikin gari, don haka ya shiga gidan maƙwabciyarsa, Mok Su Timoh, wata tsohuwa mai kiwon agwagi wadda harshenta ya fi reza.

"Mok Su, aron akuyarki nake so, awa ɗaya."

"Me za ta yi maka?"

"Za ta shiga tarihi."

"Ta shiga ta fito kafin azahar, ina da tatsa."

Ya ɗaure akuyar a gindin gidansa, ya ɗaura mata rassa biyu a ka a matsayin ƙaho, ya zauna da takarda da fensir. Matsalar ita ce barewar kuɗi tsalle take yi, akuya kuwa tuƙa kawai ta sa a gaba. Ya tafa, ba ta motsa ba. Ya yi mata kukan damisa, ta dube shi ta ci gaba da tuƙa. Ya zagaya bayanta ya kama ƙafafun zai ɗaga, sai ga tsallen da yake nema ya samu: ta sakar masa kofato biyu a tumbi, ya tafi da baya ya zauna cikin kwatami. Kafin ya miƙe ta cinye zanen, ta cinye rabin fensir, ta wuce shingen Cikgu ta share jajayen furannin da Deraman ya yi niyyar kwafa a bayan kuɗin.

Cikgu ya leƙo ta taga. "Deraman! Barewarka na cin bayan kuɗinka!"

"Bar ta, Cikgu. Na riga na haddace su duka biyun a kaina."

Da abin da ya haddace ya yi kwana uku yana sassaƙa hatimi a kan guntayen ƙarfe biyu da ya yanko daga tsohuwar babbar mota. Ya sassaƙa dabba, ya sassaƙa fure, ya rubuta BERIS TUJUH raɗau, kowa na iya karantawa. Cikgu ya zo wucewa ya duba, ya buɗe baki zai yi magana.

"Deraman, rubutun hatimi ai a juye ake..."

"Cikgu, ka koyar da yara shekara talatin, na taɓa shigowa ajinka na karɓi alli?"

Cikgu ya rufe bakinsa ya wuce.

Rana ta huɗu narkarwa. Da yake gidajen can a kan turaku suke, ya haɗa murhu a ƙarƙashin gida da gawayin ɓawon kwakwa, famfon keke ya zama zugazugi, ya jefa awarwaro cikin wani ƙaramin kaskon ƙasa. Ya yi ta bugun famfo har zanin da ya ɗaura irin na mazan can ya jiƙe sharkaf. Can sai wuta ta koma koriya, wani farin hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta suka fito suna tari.

Mok Su Timoh ta ce, "Kai, me kake ƙonawa haka? Zinari na wari ne?"

"Dattin ne ke fita, Mok Su. Ke da ba ki taɓa narka ko kitse daidai ba!"

Ya sa awartaki ya ɗago kaskon yana taƙama, ya juyo don kowa ya gani, ƙafarsa ta harɗe da robar famfo. Kasko ya kife. Narkakken ƙarfe ya tarwatse cikin jiƙaƙƙen yashi, ya yi cuu, ya koma 'yan ƙwallaye masu walƙiya kamar ƙwayar masara. Agwagin Mok Su kuwa, su bakwai, dama suna gefe suna kallon ikon Allah. Deraman na can yana tsalle da ƙafa ɗaya yana hura babban yatsansa da ya ƙone, kafin ya waiwayo sun yi layi sun share wurin tas.

"Zinarina! Mok Su, agwaginki sun haɗiye mini dukiya! A kawo wuƙa!"

"Ka taɓa gashin ɗaya ka gani, in ban narka ka a kaskon nan ba!"

Aka kai magana gaban Tok Mamat, ya yanke cewa ba za a yanka ba, amma abin da ya fito ta ɗaya gefen na Deraman ne. Haka babban mai bugun kuɗi ya kifa agwagi bakwai a kwanduna, ya yi ta ɗura musu gwanda, ya zauna a bayansu da rariya da bokitin ruwa yini biyu cur. 'Yan shagon shayi suka kwaso kujerunsu suka dawo kallo. Duk agwagwar da ta ɗaga wutsiya sai a yi tsit, Deraman ya ruga da rariya.

Wani ya ce, "Yaya haƙar ma'adinai, ranka ya daɗe?"

"Ku yi dariya. Haka ake tace zinari a ƙasashen da suka ci gaba, sai dai su da inji."

Abin da ya samu a yini biyun: ƙwallaye uku ƙanana da maɓallin riga ɗaya. Agwagi kuma suka yi fushi suka daina ƙwai. Mok Su Timoh kuwa ta yafa gyalenta ta nufi rumfar tarho da ke bakin titi, ta buga waya Terengganu.

Deraman ya koma buhun shinkafa ya ɗauko awarwaro na biyu. Wannan karon ya rufe ƙofar shinge, ya zuba narkakken a ramin tandar wainar Mek Jah, ya samu wani faifai mai kama da kuɗi, ko da yake ya ɗan yi duhu. Ya goge shi da toka, ya kai shagon shayi yana tafe yana hura hanci.

Cikgu ya juya shi ya ce, "Zinari tsantsa laushi gare shi. Mutanen da har cizawa suke yi, haƙori ya fito a jiki."

"To kalli nan."

Deraman ya sa a baki ya gartsa da iyakar ƙarfinsa. Aka ji ƙas. Ya fito da faifan lafiya lau, babu ko ƙwarzane, sannan ya tofo rabin haƙorin gaba a tafin hannu.

Deraman ya share hawaye ya ce, iska na fita ta giɓin da ɗan fito, "Kun gani? Nawa ya fi na banki ƙarfi."

Ya koma gida ya sa faifan tsakanin hatimai biyu ya narka masa guduma. Guduma ta yi tsalle ta fasa randar ruwa, faifai bai san an yi ba. Deraman ya tsaya ya yi nazari irin na masana, ya gano kurakurai biyu: faifan ya yi siriri, guduma kuma ta yi ƙanƙanta. Na farko ya gyara shi da awarwaro na uku. Na biyu kuwa, ya sa majiya ƙarfi huɗu suka turo masa injin wata tsohuwar motar haya har gindin mangwaron da ke ƙofar sabon zaure.

Ranar buki ta zo. An share fili, an kafa rumfa, mata sun jera manyan tukwanen miyar nama da kwakwa a gefe. Jami'in gunduma ya zauna a gaba cikin farar riga mai guga, kusa da shi Tauke Ong, maƙerin zinari na garin Pasir Mas, wanda aka gayyato saboda shi ya ba zauren fankoki. A samansu kaɗan, can gefe, inji na lilo a reshen mangwaro da igiya. Ƙarƙashinsa kututture, a kan kututture hatimai biyu da faifai a tsakiya.

Deraman ya fito da sabon zani da hular karammiski, ya karɓe lasifika daga hannun Tok Mamat tun bai gama gabatarwa ba.

"Ranka ya daɗe, abin da za ka gani yau, rabon ƙasar nan da shi tun zamanin sarauniya. Zuriyarmu ce ta fara, zuriyarmu ce za ta ci gaba. Na banki hoto ne kawai. Wannan barewar, in ka kasa kunne, har numfashinta za ka ji!"

Jami'i ya dubi injin ya ɗan ja kujerarsa baya. "Malam, abin nan ba zai faɗo wa mutane ba?"

"A hannuna yake, ranka ya daɗe. Dubi."

Don ya nuna a hannunsa yake, ya naɗe ragowar igiyar a ƙugunsa sau biyu ya ƙulle, sannan ya kwance ƙullin da ke jikin bishiya.

Inji ya fi Deraman nauyi sau uku. Inji ya yi ƙasa, Deraman ya yi sama. Suka wuce juna a hanya, hularsa ta tafi nata wuri. Inji ya sauka a kan hatimi da wata ƙara da ta tashi tsuntsayen ƙauyen gaba ɗaya, faifai ya fice ta gefe kamar harsashi, ya wuce ta saman kan jami'i, ya doki fanka, ya dawo ya faɗa tsulum cikin tukunyar miya. Farar rigar jami'i ta koma ruwan ɗorawa daga wuya zuwa ciki.

Deraman kuwa yana can sama yana juyawa a hankali, hannu ɗaya riƙe da reshe, ɗaya riƙe da zani da ke neman rabuwa da shi.

Ya yi ihu, "Kada kowa ya tashi! Duk cikin tsarin ne!"

Mok Su Timoh ta sa ludayi ta lalubo faifan, ta ɗauraye, ta miƙa wa jami'i da ladabi. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wannan wace dabba ce? Ɓera ne?"

Tok Mamat ya leƙa. "Kamar kaza, ranka ya daɗe."

"Kaza mai ƙafa biyar?"

Daga sama aka ce, "Ta biyar ɗin wutsiya ce!"

Jami'i ya juya bayan. "Wannan kuma kabeji ne. Rubutun fa, da wane harshe aka yi?"

Cikgu Nik Soh ya gyara murya, ya daɗe yana jiran wannan rana. "Harshenmu ne, ranka ya daɗe, sai dai da madubi ake karanta shi. Hatimi a juye ake rubuta shi don ya fito daidai. Shi ya rubuta daidai, ya fito a juye."

Deraman ya ce, "Da gangan! Don kada 'yan jabu su kwafa!"

Tauke Ong ya miƙo hannu. Ya auna faifan a tafinsa, ya ciro ɗan baƙin dutsen gwaji daga aljihu ya goga, ya shinshina, sannan ya ɗaga kai sama.

"Deraman, kwantar da hankalinka, babu ɗan jabun da zai kwafi wannan. Tagulla ce."

"Ƙarya ne! Hassada ce ta 'yan sana'a ɗaya! Wannan awarwaron matata ne guda uku, zinarin shekara talatin, ni da hannuna na ciro su daga buhun shin..."

Maganar ta maƙale. Taron ya dare biyu, ga Mek Jah tsaye da jakar tafiya a hannu, ƙurar mota ba ta ko kakkaɓe ba. Ta ajiye jakar, ta tako har gindin mangwaro, ta ɗaga kai tana kallon mijinta yana lilo.

"Abe," ta ce a hankali, yadda take kiransa tun suna amarya da ango, "ƙarasa mana. Buhun me?"

"Mek... sannu da hanya. Yaya mai jego? Yaya jaririn?"

"Suna gaishe ka. Duka ukun ka narka?"

"Biyu ne da... ɗayan yana wajen agwagi."

Mata suka dafe ƙirji, ana jiran a ga ta zube ƙasa. Sai Mek Jah ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta dafa bishiya.

"Abe, shekara talatin ina zaune da kai. Kai ne ka gyara mini rediyo ya koma kama wuta. Kai ne ka yanka wa ɗakinmu makulli muka kwana biyu muna shiga ta taga. Ni ce zan tafi Terengganu in bar ka gida ɗaya da zinari? Na gwangwanin nan na ɓarayi ne, a bakin tasha na saye su, uku ringit goma. Ban dai san da ɓarawon nake cin abinci ba."

Filin ya kaure da dariya. Tok Mamat ya zame daga kujera, Cikgu na share tabarau da gefen riga, jami'i ma da miya a ƙirjinsa ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Mok Su Timoh ta ce, "Wato tagulla aka ɗura wa agwagina gwanda a kanta!"

Da ƙyar aka samu masu sauran ƙarfi suka kawo tsani suka sauko da shi. Ya dira, ya gyara zani, ya karɓi hularsa daga hannun wata mata ya kakkaɓe.

Ya ce, "Ai na sani. Tun da na ga koriyar wuta na gane. Wane gwani ne ke fara gwaji da zinarin gaske? Wannan gwaji ne, kuma kowa ya shaida inji ya yi aiki."

Mek Jah ta ɗora masa jakarta a ka. "Wuce mu tafi, gwani. Akwai randa da tanda da ke jiran bayani."

Ya bi ta sumui-sumui, mutane na buɗa musu hanya. Sun kusa fita daga rumfar sai ya matso kusa da kunnenta, ya rage murya iyakar yadda zai iya, wato yadda na layin baya ma sai da suka ji.

"Mek, yanzu fa na gane inda kuskuren yake. Na gasken... a ina kike ajiye su?"

Mek Jah ba ta kai ga buɗe baki ba. Dagaci, da Cikgu, da Tauke Ong, da masu rabon miya, har da jami'in gunduma da ya miƙe tsaye, suka haɗa baki gaba ɗaya:

"Kada ki faɗa masa!"